Allurar Risho da Sanƙon Baba Ishaya

Har gobe ban manta da ranar da aka kira ni ofishin manaja a kan allurar risho ba. Ku da kuka shigo aikin inji a zamanin nan wataƙila ko risho ba ku sani ba, balle allurarsa. Murhun kananzir ne mai famfo, a ba shi iska ya riƙa huci yana ba da shuɗiyar wuta. In ramin da kananzir ke fita ya toshe, akwai wata 'yar siririyar waya mai mariƙin gwangwani da ake tsokana masa, nan take ya buɗe. Duk ma'aikacin da ke zaman haya a Funtuwa a wancan lokaci yana da ita, wani a aljihun gaba, wani a soke cikin hula. Wannan 'yar waya ce ta kusa raba wani bawan Allah da aikinsa, kuma a dalilinta na yi aikin da na fi alfahari da shi a duk shekarun da na yi ina riƙe da sifana.

A farkon shekarun 1980 ne, lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, shigo da kayan gyara daga waje ya zama sai wane da wane. Ina aiki a wata masaƙa, ni ne foman na fitoci a sashen kaɗi. Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani. A ƙasa akwai leburori masu shara da ɗaukar kaya, sai ofaretoci masu tsayawa kan inji, sai fitoci masu gyara. Foman na kan fitoci, injiniya na kan foman, manaja na kan kowa. Audugar da manoman Danja da Dandume da Malumfashi suka noma, in an gurje ta, gare mu take zuwa. A shiɓe ta, a miƙar da ita kamar igiya, a yi ta ja ana rage mata kauri har ta iso sashenmu, inda mazarai ke juyawa suna murɗa ta ta zama zare. Muna da layin abawa, wato zare mai kauri, muna kuma da layin arafiya, siririn zaren da ake saƙa yadi mai laushi da shi. Layin arafiya shi ne abin taƙamarmu, ba kowane ofareta ake ba shi ba.

Abin da mutanen waje ba su sani ba shi ne auduga ba ta son busasshiyar iska. In iska ta bushe, silin audugar ya yi tauri ya ƙi kwanciya jikin ɗan'uwansa, zare ya yi ta tsinkewa, kuma siririn ya fi saurin tsinkewa. Saboda haka aka jera bututun ruwa a rufin sashen, kowane 'yan taku akwai kan feshi na tagulla, mu muna ce masa nozul. Girmansa bai wuce kan babban yatsa ba. A cikinsa akwai wata murɗaɗɗiyar hanya da ruwa ke zagayawa da ƙarfi, sannan ya fito ta wani rami da bai fi kaurin gashin wutsiyar doki ba. Nozul mai lafiya ba ruwa yake zubarwa ba, wani abu yake fitarwa kamar hayaƙi, ya baje cikin iska tun kafin ya sauko. Ba ka jiƙa ba, amma ka ji sanyi.

Babban ofaretan layin arafiya shi ne Baba Ishaya, mutumin wani ƙauye a bayan Malumfashi. Ya girme mu duka, ya yi aiki a masaƙun Kaduna kafin ya dawo kusa da gida. Hannunsa wajen ƙulla zaren da ya tsinke ba a magana, kafin ka ƙifta ido ya haɗa ya wuce. Allah kuma ya ba shi sanƙo, irin wanda babu gashi ko na rantsuwa tun daga goshi har ƙeya. Akwai agogon auna danshi a bango, amma mukan tsokani tsohon mu ce kamfani ya yi asarar sayensa tunda ga kan Baba. Shi ma ya karɓi wasan. Sai ya cire hula ya tsaya ƙarƙashin bututu, in ya ji sanyi-sanyi ya ce lafiya lau, in bai ji ba ya aika a kira fita, wato mai gyara.

A bazarar shekarar nan abubuwa suka haɗe mana. Ruwan rijiyar burtsatsen da muke amfani da shi yana da wani farin gishiri da ke taruwa a bakin nozul ya toshe shi. A ƙa'ida, fita ne zai kwance nozul, ya jiƙa shi cikin wani ruwan magani da ake kawowa daga waje, ya hura masa iska ya mayar. To, maganin ya ƙare, ba a samu shigo da wani ba. Muna wanke su da ruwan zafi da buroshi, amma kafin mu gama wannan gefe wancan ya toshe. Zaren Baba Ishaya ya fara tsinkewa fiye da yadda hannu zai iya bi, shi kuwa mutum ne da ba ya iya kallon mazari na juyawa babu zare. Rannan lokacin cin abincin rana ya jawo tsani ya hau, ya zaro allurar rishonsa daga hula ya tsokana wa nozul ɗin da ke saman injinsa. Ruwa ya fito. Abokan aikinsa suka yaba, kowa ya tuna shi ma yana da tasa. Babu wanda ya gaya mini, don a ganinsu sauƙaƙa wa fitoci aiki suke yi.

Allurar risho ƙarfe ce, nozul kuwa tagulla, kuma ta fi ramin kauri. Duk tsokana ɗaya sai ta ci bakin ramin kaɗan. Cikin 'yan makonni nozul ɗin layin arafiya kaf suka daina feshi suka koma ɗiga. Ruwa ya riƙa sauka kan auduga yana ɓata ta, yana sauka kan ƙarafa suna tsatsa. Dole muka kulle ruwan. Da aka kulle kuwa, zare ya shiga tsinkewa kamar ana bin sa da almakashi.

Injiniyanmu, Injiniya Kabiru, ya kwance guda ya duba, ya tara ofaretoci ya tambayi wanda ya taɓa. Baba Ishaya ya matso gaba ya ce shi ne ya fara, bai kuma ambaci sunan kowa ba. Washegari aka kira mu ofishin manaja, ni da injiniya. Manajan ba mugu ba ne, amma shi ma akwai masu tambayarsa, kuma an riga an yi wa masu saye alkawarin yadi. Ga allurar a kan teburinsa, yana juya ta da kan biro. Ya ce ya yanke shawara: za a rufe layin arafiya sai damina ta kawo danshinta, ofaretocin a raba su layin abawa. Baba Ishaya kuwa an dakatar da shi, ƙarshen wata za a sallame shi bisa ɓarnar kayan kamfani. Na yi roƙo iya ƙarfina, na tuna masa ba mu da hannun da ya kai na tsohon nan. Ya bari na gama tukuna.

"Malam Lawal, ni ba roƙo nake nema ba, feshi nake nema. In feshi ya dawo kafin ƙarshen wata, Ishaya ya dawo. In bai dawo ba, kada ka sake kawo mini maganarsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji." Na fito ban san ko ta ina zan fara ba.

Da la'asar na biya ta ɗakin da Baba Ishaya ke haya. Yana da yara a sakandare, babbar 'yarsa kuma tana kwalejin horon malamai, duk da albashin nan ake tafiya. Na tarar da shi zaune a ƙofar ɗaki, ya ja hula har kunne a cikin wannan zafi. Ban taɓa ganin ya ja hula haka ba. Na zo da niyyar in yi masa faɗa, don ni a duniya babu abin da ke ɓata mini rai kamar mutum ya taɓa inji bai tambaya ba. Amma da ya ɗago ya dube ni sai na fasa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malam Lawal, gyara na je yi." Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, na zauna kusa da shi.

Da farko mun ɗauka abin mai sauƙi ne: a toshe tsohon ramin da dalma, a huda sabo. Amma mafi ƙanƙantar abin huji a wurin gyaranmu ya fi allurar risho kauri. Na wasa allurar ɗinki, na wasa wayar sifirin, duk suka karye ko suka yi ramin da ya fi wanda muke gudu. Injiniya Kabiru matashi ne, bai daɗe da gama karatu a Zariya ba, kuma ba ya ƙyamar baƙin mai. Ya shiga Kaduna ya shiga Kano neman nozul ko abin huda shi, ya dawo hannu rabbana. Kwanaki na ta tafiya.

Ran Lahadi na je gida Tsiga. Yayana na sake ginin katangar bayan gida kafin ruwa ya sauka, na zauna a inuwa ina kallon magini. Da ya zo gindin katangar, inda ruwan tsakar gida zai riƙa fita, sai ya ɗauko wani icce mai santsi, ya shafe shi da toka, ya kwantar, ya ci gaba da ɗora ƙasa a kansa. Da ƙasar ta ɗan sha iska, ya kama iccen ya murɗa ya zare. Ga rariya ta fito sumul, daidai kaurin iccen. Tun ina yaro nake ganin ana wannan, ban taɓa kula ba sai ranar. Na zura wa ramin nan ido har abincin da aka kawo mini ya huce, matar yayana ta tambaya ko lafiya. Na ce lafiya ƙalau, na dai gano ba huda rami za mu yi ba, gina masa jiki za mu yi.

Ran Litinin na gaya wa injiniya, ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya jawo takarda ya zana nozul a tsage, ya nuna mini cewa murɗaɗɗiyar hanyar ciki lafiyarta lau, baki ne kawai ya lalace. Saboda haka sai mu buɗe bakin sosai, mu tsayar da waya a tsakiya, mu zuba dalma ta kewaye ta, in ta daskare mu zare wayar. Ya duba littafin injin ya fitar mana da kaurin da wayar za ta kasance. Na warware wayar birkin keke na ciro sili ɗaya, ya auna ya ce saura kaɗan, ta ɗan yi kauri.

A nan Malam Ɗanlami ya shigo. Maƙerin fari ne a kasuwa, mai ƙera zobba da 'yan kunne, kuma shi ya ƙera wa uwargidana zoben da take sawa. Yana da wani faranti na ƙarfe mai jerin ramuka, daga babba zuwa ƙarami, da yake jan wayar azurfa ta ciki har ta sirance. Ya gasa silin birkin ya yi laushi, ya yi ta jan sa rami bayan rami, injiniya na aunawa, har ya ce ya isa. Muka zuba dalma. Da muka zo zarewa wayar ta kama, ta tsinke a ciki. Na tuna da tokar magini na faɗa. Malam Ɗanlami ya ce toka ta yi tsakuwa ga irin wannan aiki, ya kunna fitila ya ɗaga lagwani, ya riƙe wayar cikin hayaƙi har ta yi baƙi ƙirin. Wannan karon da na ja sai ta zare sul.

Muka kai wurin gyara muka ɗaura a bututun gwaji, ina ji kamar na gama. Na buɗe ruwa. Maimakon hayaƙi sai wani siririn ruwa ya harba gefe, ya samu injiniya a ƙirji ya jiƙa masa farar riga. Fitoci suka fashe da dariya, shi ma ya yi, ni kuwa na kulle ruwan. Wata ya kusa ƙarewa.

Malama Rifkatu ce shugabar ɗakin gwaji, inda ake auna ƙarfin zare da kaurinsa. Cocinsu ɗaya da Baba Ishaya. Ba mu neme ta ba, ita ta zo da kanta ta ce a ba ta nozul ɗin da kuma wani na asali da ba a taɓa ba. Ta sa su ƙarƙashin madubinta mai ƙara girman abu, ta kira mu ɗaya bayan ɗaya. Ranar na fara ganin aikina yadda yake. Ramin da nake taƙama da shi dogon lungu ne a karkace, bakinsa kamar na fasasshiyar tukunya. Na asali kuwa gajere ne, zagayayye, leɓensa sumul. Injiniya ya buga goshi ya ce ai kuwa haka ne, ruwan ya gama zagayawa a ciki, amma in ya shiga dogon rami juyin nan ya mutu kafin ya fito. Dole dalmar ta zama ba ta fi kaurin farce ba, wayar kuma ta tsaya cak a tsakiya.

Daga nan kowa ya kama gefensa. Na sassaƙa wani ɗan ƙarfe a kan inji mai riƙe waya a miƙe. Malam Ɗanlami ya rufe rumfarsa ya dawo masaƙa da fitilarsa, yana ɗiga dalma ɗigo ɗaya tak. Ni kuma in ɗauka in yi ta gogawa a dutsen wasa aska da ɗan mai, wayar na ciki don kada bakin ya rufta, sai ta yi siriri sannan in zare. Malama Rifkatu na dubawa a madubi, kuma wallahi ba ta da sassauci. Abin da ta mayar mana ya fi abin da ta karɓa yawa. Rannan na harzuƙa na nuna mata yatsuna duk sun saluɓe, na ce wannan dai ai ya isa. Ta ce ita ma tana ganin yatsun, amma zare ba ya ganinsu, in koma in sake. Na koma ina gunaguni na sake, kuma ita ke da gaskiya.

Ana jibi wata zai ƙare muka ɗaura su a layin arafiya, muka aika wa manaja. Na roƙi manaja ya bar Baba Ishaya ya shigo, ya yarda. Mai gadi ya rako shi kamar baƙo, hularsa na nan har kunne, ya tsaya can baya. Na hau na buɗe ruwa a hankali. Aka ji wani ɗan huci daga wannan ƙarshe zuwa wancan, farin hayaƙi ya fara bajewa a ƙarƙashin rufi. Manaja ya juya ga agogon bango, amma agogon ba ya motsi nan take, sai iskar ɗakin ta jiƙu. Ya ce shi ba hayaƙin ya dame shi ba, ɗiga ce ta dame shi, wa zai tabbatar masa babu wanda ke ɗiga?

Malama Rifkatu ta waiwaya ta ce, "Baba, cire hular."

Ya dube ta, ya dubi manaja. Sannan ya sa hannu ya cire, ya shiga ƙarƙashin bututu ya fara tafiya a hankali, yana tsayawa a gindin kowane nozul. Mu duka muka bi shi a baya, har da manaja da injiniya, manya da mu muna kallon sanƙon mutum kamar masu neman wata. Da ya kai ƙarshen layi ya shafa kansa tun daga goshi har ƙeya, ya duba tafin hannunsa, ya miƙa wa manaja.

"Ranka ya daɗe, da sanyi. Babu jiƙa."

Kafin azahar allurar agogon ta hau inda ake so. Aka tada inji ɗaya, zare ya kama tafiya bai tsinke ba. Manaja ya daɗe yana kallon mazarai, sannan ya ce wa Baba Ishaya ya koma kan injinsa, kada ya tsaya yana ɓata lokacin kamfani. Ba zan ɓoye muku ba, na juya baya na yi kamar ina duba bututu, don idona ya kawo ruwa.

Nozul ɗinmu ba su da ƙarkon na waje, dalma na cinyewa, lokaci-lokaci sai mun sake. Amma su suka riƙe layin arafiya har aka samu shigo da sababbi. Maganin wankin ma Malama Rifkatu ta gwada ruwan tsamiya ta ga yana narkar da gishirin, muka koma jiƙa su a ciki.

Kwanakin baya 'yata, wadda ta karanci injiniyanci, ta nuna mini a wayarta yadda a yanzu ake gina hanyoyin ruwa da ido ba ya gani, hawa-hawa, har da bakin da ke fitar da zaren da ya fi na gizo-gizo siranta. Ta ce cikin dabarunsu akwai ta sa wani abu, a gina a kansa, sannan a cire shi rami ya rage. Na ce mata wannan kam a katangar baffanta ta Tsiga na koye ta. Ta yi dariya, na bar ta da dariyarta.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a aikinmu gwargwadon ƙanƙantar abu gwargwadon rashin yafiyarsa. Babban ƙarfe ka buge shi da guduma ya haƙura, amma ɗan ramin nan bai san kyakkyawar niyya ba. Tambaya kafin ka taɓa. Mutum kuwa ba haka yake ba. Wanda ya ɓata a garin gyara, in ka tsaya masa, ba za ka sake samun mai tsaron kayanka kamarsa ba. Baba Ishaya da kansa ya nemi a ba shi kula da nozul, kuma har ya bar aiki babu wanda ya sake kusantar su da ƙarfe. Duk sabon ma'aikacin da aka turo layin arafiya, a ƙofa yake tare shi, ya cire tasa hular, ya ce shi ma ya cire, ya laluba ciki ya tabbatar babu allura, sannan ya ce masa bismilla.